Ta-Safe da Ta-Yamma

…kuma kofi biyu ta wanke, ta goge, ta sake gogewa kamar masu duba tsafta ne za su zo. Ƙarfe biyu saura kwata. Ta ce biyu za ta iso, to biyun za ta iso, Ta-Yamma ba ta san latti ba. Shekara ashirin da bakwai a ɗakin maza na asibiti, ita tana riƙe da aikin safe, waccan tana karɓa da rana, har masu shara ba su san su da wani suna ba sai Ta-Safe da Ta-Yamma. Ko sau ɗaya ba ta taɓa barin ta jira ba. Ranar da motar haya ta lalace da ita ma da ƙafa ta ƙaraso, takalmi a hannu, tana masifa.

To amma me za su ce wa juna? Abin da ke cin ta ke nan tun shekaranjiya da wayar ta shigo. "Zan zo mu zauna har faɗuwar rana." Mu zauna! Yaushe suka taɓa zama? A tsaye aka ƙulla amincin nan, a jingine da tebur, littafin rahoto a tsakaninsu, minti goma na miƙa aiki. Shugabarsu ta ce haɗa su lokaci guda asara ce, ta raba su, ba a sake haɗa su ba. Sai suka koyi cusa rayuwarsu a tsakanin gadaje… gado na huɗu ya ƙi cin abinci, na shida zazzaɓi ya sauka, surukata ta dawo da kayanta, na tara a sa masa ido. Ɓarin da ta yi ma haka ta faɗa mata, tsakanin na biyu da na uku. Ta-Yamma ta matse mata hannu, ta ce, "Ci gaba." Wallahi babu ta'aziyyar da ta kai mata wannan.

Tari daga ɗaki. Maigida ne. Wata biyar da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, wata biyar ba ta taka bakin titi ba. Ta juya shi ƙarfe goma sha biyu, saura na biyu — kada bayansa ya yi gyambo, abin kunya ne a gidan ma'aikaciyar jinya. Da farko gidan cike yake. Mai haɗa magani ya zo sau biyu, ya yi ta kallon agogo. Direban motar asibiti sau ɗaya. Ba ta ga laifinsu ba, hira ce ke ƙarewa, a gaisa, a tuna wane da wance, sai shiru ya sauka, kowa ya kama kallon silin. Wanda ya ɗanɗana shirun nan ba ya dawowa. Idan yau ma haka ta faru? Ita kaɗai ta rage mata fa. Ita kaɗai.

Ƙwanƙwasa. Biyu daidai, ka ji mace!

Kai, ta tsufa… ƙafar hagu tana ja, amma jakar nan ce dai, baƙa, mai kama da ta masu gyaran famfo. "Sista." "Sista." Ga kujera an kakkaɓe, ga shayi, ga — ina! Ta wuce famfo tana wanke hannu har gwiwar hannu, yatsa bayan yatsa. "Ina yake?"

Ga su a ƙarshen gado, ita a hagu, waccan a dama. Wa ya tsayar da su haka? Baki kuma ya buɗe da kansa. Ya yi barci sosai, ya farka sau ɗaya. Jini ya ɗan hau da safe, ya sauka. Ya sha magani ƙarfe takwas, ƙaramin yana ba shi wahalar haɗiya, sai an niƙa. Autana ya ce ba zai samu zuwa ba sai ƙarshen shekara. Fitsari lafiya. Diddigen dama ya fara ja, a sa masa ido. Daɗi! Daɗi kamar an sauke mata tulu daga ka. Ta-Yamma tana gyaɗa kai, tana ɗaga zanin gado tana duba diddigen, "babbar 'yata ta koma ɗakinta, an sasanta," tana gyara matashi. Maigida yana bin su da ido, gefen bakinsa mai motsi kamar zai yi dariya. Ba shiru, ko kaɗan babu shiru, ashe tsoron banza ta…

Mayafi a kafaɗa. Yaushe ta ɗauka? Jaka a hammata, takalmi a ƙafa, hannu a kan ƙofar falo, bakinta kuma ya riga ya ce, "Allah ya ba da sa'ar aiki." Daga ɗaki aka amsa, ba a ko ɗago ba: "A gaida gida."

A gaida gida. A cikin gidanta!

Sun ji, su duka biyun. Ta-Yamma ta leƙo, matashi a hannu, ta dube ta daga sama har ƙasa. Ga wurin dariya nan, a yi ta har da hawaye, a cire mayafi, a zauna. Ta-Yamma ba ta yi dariyar ba. "Je ki, Sista. Kin rame. Je ki sha iska, na karɓa." Da ta fita, Ta-Yamma ta tura ƙofar a hankali, ta rufe.

Titi. Haske har yana sukar ido. An sare bishiyar gaban shagon tela, yaushe? An yi wa gidan da ke kallonsu sabon fenti, shuɗi, mummuna. Keken tela yana ta ƙara kamar ba abin da ya faru a duniya. Iskar kuwa, Allah ya yafe mata, iskar da daɗi. Kafaɗunta sun sauka, ba ta san a ɗage suke ba. Babu wanda ya yi mata irin wannan alheri cikin wata biyar, babu, ko 'ya'yan da ta haifa.

Amma ba wannan ta roƙa ba. Kwana biyu tana goge-goge ba don ta sha iska ba. Ga muryarta can ta taga, tana tsokanar maigida, "Haba ranka ya daɗe, buɗe bakin mana, ko sai na kira maka matarka?" Muryar da ta yi kewa, ga ta a cikin gidanta, ita kuma tana waje. Ɗaya ta shigo, ɗaya ta fita. Iyakar abin da suka iya ke nan? Idan ta tafi ta zaga ta dawo, rahoto za a ba ta a tsaye, ya ci, ya sha, an juya shi, sannan baƙar jaka ta hau kafaɗa… Za ta riƙa zuwa, wannan kam tabbas, duk mako ma. Za ta riƙa zuwa, su riƙa wuce juna a bakin ƙofa har ɗayarsu ta mutu.

Ba hutu nake so ba, ke nake so. Yaya ake faɗin wannan? Tsakanin wane gado da wane gado?

Ta juya, ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa — ƙofar gidanta, ikon Allah — hannun ya tsaya a sama. Ta san abin da za a ce in an buɗe. Wadda ta miƙa aiki ba ta dawowa sai da dalili. "Me kika manta, Sista?"

Me za ta ce ta manta?