Keken Inna Mai Wanki

"Daga yau babu wanda zai ƙara ganin gawa da idonsa a wannan asibitin," in ji Babban Likita. "Mutuwa za ta ci gaba da zuwa, ba mu hana ta ba. Amma za ta riƙa wucewa cikin ladabi."

Aka tafa. Inna mai wanki, wadda ke tsaye a bayan taron ma'aikata dafe da kekenta na tura zannuwan gado, ita ma ta tafa, don ta ga kowa yana yi.

Kwamitin tsara hidimar ɗakin ajiye gawa ya daɗe yana zama. Ya sha shayi mai yawa, ya kuma gano cewa hanya ɗaya ce daga ɗakunan kwanciya zuwa can, kuma ta gaban layin karɓar magani take bi. Buɗe wata hanya kuwa aiki ne. Sai aka kira mai walda, aka nuna masa keken Inna, aka ce ya ƙera irinsa sak: shuɗin fenti, rufin tamfol, a sama a jera zannuwa a ninke, a ɗinke su kada su zube. A ciki mamaci, a waje wanki.

"Inna, an yi wa kekenki ƙane," in ji Baba Sanyi, ma'aikacin ɗakin gawar.

"Allah ya raya. Kai dai kada ka kawo mini kayanka in wanke."

"Nawa ba sa ƙorafi. Naki ne masu cewa zane bai fita ba."

Inna ta yi dariya, ta shafa hannun kekenta. Shekara da shekaru a ka take ɗaukar wankin asibitin nan, har wuyanta ya daina juyawa hagu, kafin a tausaya a ba ta keken. Mai take ɗiga wa ƙafafunsa kamar mai shafa wa jika.

Tsarin ya yi aiki har zuwa hantsi. A lokacin ne wata mata mai jinyar mijinta, wadda tun safe take neman zane mai tsabta, ta hango Baba Sanyi yana turo nasa keken a hankali, fuska a sake kamar yadda kwamiti ya umarta.

"Bawan Allah, ba ni ɗaya."

"Hajiya, waɗannan ba na bayarwa ba ne."

"Haka kullum kuke cewa!"

Ta kai hannu ta fizgi na sama. Da yake an ɗinke su da kyau, gaba ɗaya suka taso, har da tamfol ɗin. Ƙafa biyu suka bayyana, a miƙe, cikin ladabi. Layin karɓar magani ya watse, har da wani dattijo da ya ce gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa.

Inna ba ta san an yi ba, tana can wajen guga. Da ta fito da kekenta sai ta ga duniya ta gyaru. Barandar da kullum sai ta yi ta "a ba ni hanya" har muryarta ta dushe, yau ta buɗe mata da kanta. Maza suka miƙe tsaye. Wani ɗan kasuwa mai waya a kunne ya katse maganarsa ya sunkuyar da kai.

"Allah ya jiƙansa," in ji wata tsohuwa.

"Wa?" in ji Inna.

"Allah ya ba ki haƙurin wannan aiki, 'yar nan."

"Amin, Iya," in ji Inna, don an daɗe ba a yi mata addu'a a kan aikinta ba. Ta rage sauri ma, ta ɗan daɗe tana jin daɗin girman.

A ɗakin maza ne abin ya ɓaci. Tana shiga, mai karyayyar ƙafa na gadon farko ya ja bargo har hanci.

"Wa kika zo ɗauka?"

"Zanenka na zo canzawa, ɗan nan."

"Na gode. Wannan ma bai yi datti ba."

"Ya yi baƙi kamar gindin tukunya!"

"Ina son sa haka."

Ta buɗe tamfol ta nuna musu, babu komai sai wanki mai ƙamshin sabulu. Na gado na biyu ya ce yanzu ne babu komai, ɗazu fa? Babbar nas ta lallashe su, ta yi faɗa, ta gaji. Ba wanda ya yarda ya kwanta a kan abin da ya fito daga shuɗin keke.

Da la'asar kwamiti ya yi zaman gaggawa. Ya duba lamarin ta kowace fuska, ya tabbatar cewa tsarin ba shi da aibi. Matsalar ita ce keke biyu masu kama ɗaya suna rikita jama'a, kuma tunda na ɗakin gawa ne kwamiti ya amince da shi, ɗayan ne ya shigo ba bisa tsari ba. Aka yanke cewa a mayar da keken Inna ɗakin gawa ya zama na ko-ta-kwana. Wanki kuwa a riƙa ɗaukarsa a fili, kowa ya ga zane ne. Babban Likita ya sanar cewa a rana guda hidimar ta ninka kayan aikinta.

Baba Sanyi ne ya zo karɓa. Ya tsaya a ƙofar ɗakin wanki yana sosa ƙeya.

"Inna, wallahi ba ni na nema ba."

"Na sani. Ƙafar baya ta dama tana kuka in ba a sa mata mai ba."

"Nawa ba sa jin kuka."

"To, ni ina ji. Ka sa mata."

Ya tura keken ya tafi, mutane suna darewa suna yi wa fankon keke addu'a. Inna ta shimfiɗa babban zane a ƙasa, ta tara na ɗakin maza a kai, ta ƙulle. Ta naɗe tsohon tawul ta yi gammo, ta durƙusa, ta ɗora. A baranda ta ce a ba ta hanya. Ba wanda ya waiwayo.