Jamusanci a Banɗaki

Ummulkhairi tana wanke-wanke a gidansu na unguwar Mansur a ƙasa mai tsarki sai ta jiyo ɗanta Talal yana surutu a banɗaki. Ranar Asabar zai yi jarrabawar Jamusanci, in ya ci zai samu aikin jinya a Jamus.

Da ya fito ta leƙa. Takardun Jamusanci ne manne tun daga madubi har saman masai, duk sun jiƙe, wata ma ta faɗa ramin.

"Talal, da wa kake hira a wurin najasa?"

"Ummi, malaminmu ya ce duk abin da mutum yake wa jikinsa, ya faɗe shi yana yi. Ina wanke fuskata, ina taje kaina, ina goge haƙorana. In ba haka ba, karatun ba ya zama."

"A wurin da ko sallama ba a amsawa? Da bakin nan za ka tafi Harami?"

Ta sa tsintsiya ta kakkaɓe takardun, ta miƙa masa bokiti da mataji.

"Yalla, hau saman gida ka ƙarasa. Tattabaru ma sa koya."

Har la'asar tana jiyo shi a sama yana wanke fuska da Jamusanci. Ita kuwa sai da ta wanke hannu da sabulu sau uku.