Ƙodar Zinariya

Zinariya, mai bandar kifi a bakin kogin Haɗeja, ita kaɗai ce mace a zuri'arsu da ta taɓa hawa jirgin sama, kuma ba Makka ta je ba. A 1977 gwamnati ta kai yayanta Gwadabe, malamin gona, Ingila tare da ita, aka ciri ƙodarta ɗaya aka dasa masa. Shi ya dawo da kumatu da gwangwanin magani, ita ta dawo da tabo.

Wata bakwai lafiya lau. Sai wata Laraba da hantsi ya ɗaga hanci ya ce, "Wa ke ƙona kifi?"

Babu mai ƙona komai. Ruwa ya shafe fadama, Zinariya ta yi kwana goma ba ta hura wuta ba. Aka yi ta dariya. Iya, mahaifiyarsu, ta ce, "Ƙodar ce ke kewar sana'arta." Mutanen gidan nan in sun samu abin tsokana ko gobara ba ta tashinsu. Kwana uku suna raha zazzaɓi na cinsa, wai ai na sauro ne. Ran na huɗu ya dubi ƙanwarsa ya ce, "Baiwar Allah, daga ina?"

Nan tsoro ya kama ta, na gaske. Ta sa aka ɗora shi a motar kifi sai asibiti a Kano.

Likita ya tambayi yadda abin ya faro. Cikin kunya ta ambaci zancen ƙaurin. Shi bai yi dariya ba. Ya sa aka lanƙwasa Gwadabe, aka ɗebi ruwan ƙashin bayansa da doguwar allura.

"Ba iska ba ce, kuma ƙodarki ba ta da laifi," in ji likita washegari. "Alamu sun nuna ƙwayar cuta ce ta shiga ƙwaƙwalwa, daidai inda ake jin wari da gane mutane. Maganin da ke hana jikinsa ƙin ƙodar shi ya karya masa garkuwa. Sai mun rage shi. In mun rage, ƙodar tana iya mutuwa."

"In ba a rage ba fa?"

"Ƙodar za ta zauna kalau. Shi Gwadaben ne ban sani ba."

Ta dubi yayanta. Yana gyara mata wurin zama da ladabi, yadda ake yi wa baƙuwa.

"A rage, likita," ta ce. "Tawa ce, na yafe. Ban ba shi don ya zauna bai san ni ba."