Siraran Tayoyin Fakhruddeen

Wata bakwai Issahaku ya yi yana fushi da Fakhruddeen Mailafiya, kuma duk wanda ya leƙa garejinsa na bayan tashar jirgin ƙasa ta Abbey Wood sai ya sha labarin, ko da iska kawai ya zo sa wa taya.

Issahaku ɗan zangon Kumasi ne, makaniki mai hannu mai kyau da taurin kai na bugawa a jarida. Fakhruddeen kuwa ɗan masu hali ne daga Kano, jikinsa na ofis a unguwar Aldwych, hankalinsa na filin tseren motoci. Shekara tara suka yi suna rainon wata jar mota tare. In Fakhruddeen ya zagaya fili ya dawo, sai Issahaku ya durƙusa ya ɗora tafin hannu a kan taya tun tana da zafi, gefen ciki, tsakiya, gefen waje, sannan ya faɗi abin da za a gyara. Da haka suka kai ga tayoyi masu faɗin milimita 265 a ƙafa huɗu, da kamba digiri uku a gaba, wato kan tayar ya kwanta ciki sosai don ta riƙe ƙasa a kwana. Anatu, matar Issahaku, takan ce ko 'ya'yansa ba ya yabo kamar yadda yake yabon saitin nan.

Sai wata Asabar a watan Maris Fakhruddeen ya zo, ya ɗan rame, ya ce a cire manyan tayoyin a sa 225, kamba kuma a mayar da ita digiri ɗaya da rabi.

"225? A motan nan?" in ji Issahaku. "Wa ya ba ka wannan shawara? Ka samu sabon makaniki ne?"

"Ba kowa, Masta. Haka nake so."

"To tsoro ya kama ka. In ka tsufa ka sayar da shi, ka koma hawa jirgin ƙasan Elizabeth line."

Fakhruddeen ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, bai kuma canza magana ba. Issahaku ya yi aikin, don bai iya aikin banza ba ko yana fushi, amma baki a zumɓure. Da Fakhruddeen ya miƙo hannu za su yi sallama, sai ya nuna masa tafinsa duk baƙin mai, ya juya ya ci gaba da goge sifana. A watan Afrilu sunan Fakhruddeen ya fito a wayarsa sau biyu. Ya zuba mata ido har ta gaji ta yi shiru. Mai son magana ya tako da ƙafarsa, in ji shi. A ransa kuwa kewa ce ke cinsa, kullum kunnensa na bakin titi.

Wata ranar Talata a watan Oktoba ya ji kukan injin jar motar tun daga kwana. Ya miƙe da sauri, ya tuna yana fushi, ya ɗaure fuska. Motar ta shigo a hankali, ta tsaya a karkace. Wadda ta fito Hanan ce, matar Fakhruddeen, wadda sau biyu kacal ya taɓa gani.

"Sannu da aiki, Baba Issahaku."

"Hajiya, sannu da zuwa. Ina maigidan? Kunya ya hana shi zuwa?"

Ta dube shi, ta gane bai sani ba. "Ya rasu tun watan Mayu, a Kano. Ciwon daji ne. Bai so a sani ba. Kwanan nan na fita takaba, ranar Lahadi na dawo."

Issahaku ya yi salati, ya nemi abin dafawa, hannunsa ya faɗa kan rufin motar.

Ta ciro takarda daga jaka. "Ya yi min booking na track day, ranar gwada mota a filin tsere, na masu koyo, ranar Asabar mai zuwa. Shekara nawa ina roƙonsa ya bar ni in gwada, yana cewa motar ta fi ƙarfina. Da likitoci suka gaya masa abin da ya rage, sai ya lissafa har da takabata ya zaɓi ranar. Jiya wani abokinsa ya ce tayoyin sun yi sirara, in sa manya. Shi ne na ce bari in tambaye ka."

Issahaku ya leƙa ciki, ya ga an turo kujerar direba gaba sosai. Sai komai ya faɗo masa. Siririyar taya takan yi kuka kafin ta zame, ta ba mai koyo damar gyarawa. Kamba kaɗan takan sa mota ta tsaya tsam in an taka birki a firgice. Shi da bakinsa ya koya wa Fakhruddeen haka, kuma a kan 225 da digiri ɗaya da rabi ya fara ɗora shi shekara tara da suka wuce. Saitinsa ne aka dawo masa da shi, ya kasa ganewa, har ya kira mutumin matsoraci.

"Ya kira ka daga asibiti sau biyu," in ji Hanan. "So yake ya roƙe ka ka raka ni filin. Ya ce min, Masta yana fushi, amma ki je, zai huce."

Issahaku ya durƙusa gaban tayar gaba don kada ta ga fuskarsa. Ya ɗora tafinsa, gefen ciki, tsakiya, gefen waje. Da sauran ɗumin hanya a jikinta. Ya daɗe a haka, hawaye na ɗiga a kan simintin.

"Kada ki bari kowa ya taɓa tayan nan," ya ce da ƙyar. "Daidai ya zaɓa. Ƙarfe nawa za mu tashi ranar Asabar?"