Bashin Inna Hajara

"Ki rage murya, maigida yana zaure," in ji Inna Hajara. Ta kama mini wuyan hannu, tafinta da zafi kamar gindin tukunya.

Kwana tara ke nan ciwon ciki ya kwantar da ita. An kai ta likita a Droum, aka dawo da ita a amalanke da ƙwayoyi cikin takarda. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu, kuma ni ke riƙe da littafin ƙungiyarmu ta mata goma sha biyu masu karɓar rance, don ni kaɗai na yi lakwal, makarantar boko, har na ci jarrabawar brebe. Na san abin da ke cin ta. Jika talatin ta karɓa daga kes, asusun nan mai bai wa mata rance a Damagaram, ta sayi iri da taki ta zuba wa gamanarta, 'yar gonar da mijinta ya yanka mata. Biya sai an cire gyaɗa. Mijin kuwa, Baba Yakuba, ya taɓa rantsewa a ƙofar masallaci cewa kuɗin kes kuɗin ruwa ne, ba za su shiga gidansa ba.

"Abu biyu, Zainabu. Kada ya sani. Kuma kada a sa ni a ƙasa da bashi a wuya."

"Inna, ai biyun ba su haɗuwa."

"To me aka koya muku a lakwal ɗin?"

Ta yi dariya, dariyar ta koma nishi. Na gyara mata zane.

Matar nan tun ina goye nake ganin ta da hauya. 'Ya'ya huɗu ta binne, ta noma gonar gida da safe, tata da yamma. Ban taɓa jin ta ce ta gaji ba.

Na zaga gidajen 'yan ƙungiya a ranar. Bintu ta kwance bakin zane, dala ɗari biyu. Fati ta ce sai ta sayar da akuya ranar kasuwa. Watan yunwa ne, rumbuna sun yi ƙasa. Duk abin da na tara bai kai jika huɗu ba.

Ranar Talata da hantsi ta cika.

Da azahar aka fito da ita aka ajiye a ƙofar gida. Mu mata muna ciki, an cika tsakar gida, ana kuka ƙasa-ƙasa. Na bar su na tsaya a zaure, bayan asabari, inda nake ganin ƙafafun maza a sahu.

Liman ya gyara murya. "Jama'a, kafin mu yi mata salla. Akwai mai bin ta bashi?"

"Babu," in ji Baba Yakuba. "Matata ba ta cin bashi."

Bintu ta biyo ni, ta riƙe mini mayafi ta baya. "Ki rufa mana asiri," ta ce a kunnena. "Rabin mazan nan ba su san matansu na karɓar kuɗin kes ba."

Liman ya sake tambaya, kamar yadda aka saba. In ya yi ta uku ba a amsa ba, zai ta da kabbara.

Na ɗaga asabarin na fito.

"Akwai, Malam."

Sahu ya juyo gaba ɗaya. Ƙanin mahaifina ya zaro mini ido. "Ke, koma ciki. Nan wurin mata ne?"

"Tambaya aka yi, Baba. Na ji ba wanda ya amsa daidai."

"Wa ke bin ta?" in ji liman. "Nawa ne?"

"Wannan tsakanina da ita ne. Na ɗauke mata, ya dawo wuyana. Ku shaida."

Wani ya ce, "'Yar lakwal, da me za ki biya? Da takarda?"

"Ba kai zan zo wa ba ranar biya."

Ban sunkuyar da kai ba. Baba Yakuba ya dube ni. Na jira ya tambaya. In ya matsa a gaban liman, ba zan yi ƙarya a kan gawa ba, kuma na san abin da zai biyo baya a gidaje goma sha ɗaya. Ya daɗe yana kallona. Sai ya mayar da ido kan makara.

"Ta ce ta ɗauka, Malam," ya ce. "A yi salla."

Na koma zaure na zauna a ƙasa. Ina jin kabbara huɗu, ina lissafin abin da na jawo wa kaina. Gamanar ta koma gado. Ba ni da ikon cirar ko tushe ɗaya a cikinta, ni kuwa ba gona, ba albashi.

Kwana uku ba mai yi mini magana a gidanmu sai mahaifiyata, ita ma don ta miƙo mini tsintsiya.

Ranar da aka yi sadakar uku, da la'asar, ina shara a ƙofar gida, sai ga Baba Yakuba daga hanyar gona. Ya tsaya nesa kaɗan, bai dube ni ba.

"Ranar da ta dawo daga Damagaram," ya ce, "da shuɗin tawada a babban yatsanta. Kwana uku tana gurza shi da toka."

Na tsaya da tsintsiya a hannu.

"Na yi wa sauran 'ya'yanta magana, sun yafe rabonsu. Gyaɗar gamanar ta nuna. Ku je da sassafe, ku duka, kafin ƙasa ta yi tauri. Ban tambayi inda za ta ba."

Ya ɗora wani abu a kan katanga ya shige gida. Tushen gyaɗa ne guda, da ganyensa, 'ya'yan na reto, yashi mai danshi na zuba daga saiwar kaɗan-kaɗan.