Fiffiken Dama

Rabin kan malamin makaranta aka aske lokacin da wani jirgin sama ya gifta ta cikin madubin shagon aski, yana jan hayaƙi kamar jela. A filin bayan unguwa ya faɗi. Mutum tara ne a ciki, taran suka fito da ƙafafunsu kafin wuta ta lashe shi. Unguwa ta kaure da murna.

Mai aski, wanda ya shekara ashirin ba a tambaye shi ko ƙarfe nawa ba, ya wayi gari 'yan jarida na layi a ƙofar shagonsa.

"Fiffiken dama! Da idona na ga hayaƙin, ta dama!"

Ya faɗa sau biyar, a na shida har ya hango gumin matuƙi.

*

Da suka ga babansu a talabijin, yaran suka yi ta tsalle a kan katifa. Surukarsa, wadda ba ta taɓa kiransa da komai ba sai "wannan", ta bugo waya tana cewa "ɗana".

"Baban yara," in ji matarsa tana ninke kaya, "ina saman bene ina shanya fa. Ta hagu ne."

"Ke da sai kin lasa kike bambance gishiri da sukari?"

Aka kwashe da dariya, har da ita. Dama babu wanda ya hau bene ya tambaye ta.

*

Kamfanin jirgin, da ke neman wuyan da zai rataya wa laifi, ya dakatar da bakaniken da ya gyara injin dama. Aka ce mai aski ya zo gobe ya sa hannu a takardar shaida, a kori mutumin.

Yana cikin yi wa malamin gyaran fuska sai matarsa ta tsaya a ƙofa, a bayansa, ta ɗaga masa hannu. Ya gan ta a madubi. Tabon ƙunar da ya sani shekara ashirin a hannunta na hagu, ga shi a dama.

Almakashi ya tsaya.

"Lafiya, babban shaida?" in ji malamin.

"Lafiya lau."

Ya ɗauko shafin jaridar da hotonsa ke murmushi a ciki, ya shafa gam, ya manna shi a kusurwar madubin, daidai inda sararin sama yake fitowa.