Saniyar da Ke Ƙarƙashin Bargo

Sau uku za a yi wasan a yammar nan, kuma Mushe Sanda, malamin makaranta, ya gaji tun ba a fara na farko ba. Shi ya rubuta shi shekara biyu da suka wuce: wani tsoho ya ji masu allurar shanu sun shigo gari, ya ja saniyarsa ɗaka, ya lulluɓe ta da bargo, ya ce matarsa ce ba lafiya. Yanzu sufurfe, shugaban gunduma, ya tara samarin Madawa da na Buza da na Kaita a filin lakkwal, wato makaranta, kowa ya yi wasan yadda mai shirya masa ya ga dama, Sanda kuma ya zaɓi waɗanda za su tafi Tawa bikin matasa.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, tsohon nan ubansa ne, Hamidu na Garhanga. Yana ɗaga kai kuwa sai ga Hamidu a bakin tabarma da sandarsa. Kasuwa ya zo, aka ce masa ɗansa na da taro.

Madawa suka fara. Isma'ila, mai shirya musu, mutum ne da bai yarda da dariyar da ba a faɗi ƙasa ba. Ya cusa wa tsohonsa matashin kai a ciki, ya manna masa gemun auduga. Tsohon ya yi tuntuɓe da tukunya, saniya ta harbe shi, gemun ya faɗi. Fili ya kece da dariya. Sanda ya saci kallon ubansa, ya ga yana dariya har da share hawaye.

Na Buza suka juya abin. Bakari ya mai da tsohon gwanin wayo, masu allurar kuma wawaye, har ɗayansu ya taɓa hancin saniya ya ce lalle baiwar Allahn nan tana da masassara. Aka yi dariya, amma sufurfe bai yi ba, don ma'aikatan gwamnati ne ake wa tsiya.

Sai Kaita. Dauda ne ya shirya musu, malamin dabbobi ne, kuma ƙauyensu na kusa da Garhanga. Tsohonsa ba tumbi ba gemu, siriri ne mai ɗan ɗingishi a ƙafar hagu. Kafin ya rufa bargon sai ya tsaya yana sosa wuyan saniyar, yana kiranta Wule a hankali, yana gaya mata ita kaɗai ta rage masa tun shekarar da ciwon bushiya ya kashe shanu. Sanda bai rubuta wannan ba. Ya sani sarai, amma ya bar shi don ba ya ba da dariya. Mutane suka yi tsit, dariyar da ta zo daga baya ma 'yar kaɗan ce. Kunya ta kama Sanda, ya yanke a ransa Kaita za su tafi.

Aka ba shi minti goma. Ya je ya durƙusa gaban ubansa.

"Baba, ban san kana tahowa ba."

"Ni ma ban san ina cikin tiyatir ba," in ji Hamidu. "Wanne za ka ɗauka?"

"Na Kaita, Baba. Su kaɗai ba su wulakanta ka ba."

Sai tsohon ya tambaye shi:

"Mai tumbin ga na hwari, ka taɓa ganina haka?"

"A'a."

"To, ba ni na ba. Kowa shi yi mai dariya, ni ma na yi. Amma na ukkun ga ni na, har ƙahwar. Wule ta mutu bara, kai ba ka ko sani ba. Kak ka kai ni Tawa a zamna ana jin tausaina."

Ya dafa sandarsa ya miƙe, ya ce kamyon, motar Kaita, ba ya jiran kowa. Sanda ya bi shi da ido yana ɗingishi har ya fita ƙofar lakkwal.

Sufurfe ya turo a tambaye shi ko ya gama. Dauda na tsaye can gefe yana murmushi, don ya san wasansa ya fi. Sanda ya kau da kai, ya ɗauki alli ya rubuta a allo: Madawa.